Seymour Benzer: Masanin da ya buɗe wa ƙuda makaranta

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tumatir a kasuwar Wurno ko ta Goronyo, ko ya bar ɓawon mangwaro ya kwana a kwano, ya san wani ɗan ƙaramin ƙuda mai jajayen idanu da ke taruwa a kan duk ɗan itacen da ya fara lalacewa. Girmansa bai wuce ƙwayar riɗi ba, kuma ba ya cizo, shi ya sa manomin da ya kawo kayansa daga Lahodu ko Rabah ba ya ko ɗaga hannu ya kore shi. Masana suna kiransa Drosophila melanogaster. Asalinsa nan ne Afirka, kudu da Sahara, daga nan ya bi ɗan Adam da abincinsa har ya bazu a duniya.

Wannan ƙuda da aka raina shi ne ya ba masana ɗaya daga cikin amsoshi na farko game da tambayar da ta daɗe tana damunsu: me ke sauyawa a cikin ƙwaƙwalwa idan mai rai ya koyi wani abu, kuma me ke lalacewa idan ya manta? Mutumin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne Seymour Benzer, ɗan Amurka, wanda ya rasu a 2007. Sau biyu yana barin fagen da ya yi suna a ciki ya koma ɗalibi a wani, kuma a hijirarsa ta ƙarshe ne ya sa ƙuda a aji.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Benzer ranar 15 ga Oktoba, 1921, a unguwar Bronx ta birnin New York, ya kuma tashi a Brooklyn. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Poland, suna neman abinci a masana'antar ɗinki. Shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'yansu huɗu. Da ya cika shekara 13 aka ba shi kyautar madubin ƙara girman abu, irin wanda ake duba jini da shi a asibiti. Ya mayar da wani lungu na gidansu ɗakin gwaji, duk abin da ya kama sai ya ɗora a ƙarƙashin madubin, har da ƙudaje.

Ya shiga Kwalejin Brooklyn, ya kammala a 1942 da digiri a fannin fizik. A shekarar ce ya yi aure, ya wuce Jami'ar Purdue da ke jihar Indiana don ƙaro karatu. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka sa shi cikin wani aikin sirri na inganta na'urar hango jiragen sama. Aikinsa ya shafi wani sinadari mai suna jamaniyam, wanda ke barin lantarki ya wuce ta wani yanayi na musamman. Ya gano abubuwa da dama game da shi, har ya kusa kaiwa ga ƙirƙirar tiransisto, wato ɗan mitsitsin abin da rediyo da wayar hannu da kwamfuta suka dogara a kansa. Masana uku na kamfanin Bell ne suka riga shi a ƙarshen 1947, aka ba su kyautar Nobel a 1956. Shi kuwa ya samu digirin digirgir a 1947, jami'ar ta riƙe shi malami.

Hijira ta farko

Matashi ɗan shekara 26 da ke da kujera a jami'a, a fagen da kuɗi ke shirin kwarara cikinsa, ba shi da dalilin motsawa. Amma ya karanta wani ɗan littafi na Erwin Schrödinger, masanin fizik ɗan Ostiriya, wanda ya tattauna yadda za a fahimci gadon halitta ta hanyar dokokin fizik. Littafin ya tafi da hankalinsa. A 1948 ya halarci wani kwas na bazara a Cold Spring Harbor kan ƙwayoyin bairos da ke cinye bakteriya. Daga nan ya shafe shekaru yana zaga ɗakunan gwaji kamar almajiri mai neman malamai: ya zauna da Max Delbrück a Caltech da ke Kalifoniya, ya kuma je Cibiyar Pasteur a Paris, inda ya yi aiki kusa da André Lwoff da François Jacob da Jacques Monod.

Da ya dawo Purdue sai ya tunkari wata tambaya. A wancan zamani masana da yawa sun ɗauki ƙwayar gado, wato abin da ɗa ke karɓa daga iyayensa wanda ke tsara siffarsa, a matsayin dunƙulallen abu kamar dutsen tasbaha, wanda ba ya rabuwa. Benzer ya samu dabarar gwada hakan da wani bairos mai suna T4. Tsakanin 1954 zuwa 1961 ya tara nau'o'insa masu lahani sama da 2,400, ya riƙa haɗa su bibbiyu yana duba waɗanda ke gyara juna. Da haka ya zana taswirar cikin ƙwayar gado, ya nuna cewa doguwar jera ce kamar layin rubutu, kuma kuskure na iya faɗawa kan kowane harafi. A 1961 Francis Crick da Sydney Brenner suka yi amfani da wannan tsari nasa suka nuna cewa ana karanta saƙon gado ne harafi uku-uku.

Hijira ta biyu

A farkon shekarun 1960 sunan Benzer ya kai ko'ina a fagen, kuma fagen ya cika da jama'a. A gida kuma wani abu yana ba shi mamaki. 'Ya'yansa mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, tarbiyya ɗaya, amma halinsu ya bambanta tun suna jarirai. Ya fara tambayar kansa ko hali ma yana da rabo a cikin gado, kamar launin ido ko tsawo.

A 1965 ya ɗauki hutun bincike ya tafi ɗakin gwajin Roger Sperry, masanin ƙwaƙwalwa a Caltech, yana da shekara 44, ya zauna cikin ɗalibai. Ya duba dabbobi iri-iri yana neman wadda za ta dace, a ƙarshe ya tsaya kan ƙudan 'ya'yan itace. Dalilansa na mai lissafi ne. Daga ƙwai zuwa balaga ƙudan ba ya wuce kwana 10. Kwalba ɗaya tana ɗaukar ɗaruruwa. Abincinsa garin masara ne da yis da ɗan zaƙi. Bugu da ƙari, tun 1910 Thomas Hunt Morgan ya riƙa nazarin gadonsa a Jami'ar Columbia, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1933, don haka an san shi ciki da waje.

A 1967 Benzer ya koma Caltech dungurungum. Shirinsa shi ne a ciyar da ƙudaje maza wani sinadari da ke jawo kuskure a saƙon gado, a hayayyafa jikokinsu, sannan a nemo waɗanda halinsu ya karkace. Idan aka samu ƙudan da ba ya bin haske, ko ba ya iya neman mace, sai a bi sawu a gano ƙwayar gadon da ta samu matsala. Ya ƙera wata na'ura ta bututun gilashi da ke tace ƙudaje gwargwadon yadda suke gudu zuwa haske, kamar yadda rariya ke raba tsaki da gari.

Abokan aikinsa da dama sun ga ya ɓata. Masana ƙwaƙwalwa suna ganin ƙuda ya yi ƙanƙanta, tsofaffin abokansa suna ganin ya bar tabbas ya kama gaibu. Jerry Hirsch, masanin halayya a Jami'ar Illinois, ya daɗe yana sukarsa, bisa hujjar cewa hali yana fitowa ne daga haɗuwar ƙwayoyin gado masu yawa da muhalli, don haka bin su ɗaya-ɗaya yaudarar kai ne. Hujjar tana da ƙarfi, kuma har yau ba a musanta cewa mafi yawan halaye haka suke ba. Abin da Benzer ya dogara a kai shi ne, ko injin da ke da sassa dubu ana gane aikinsa ta hanyar cire sashe ɗaya a ga abin da ya tsaya.

Amsar farko ta zo a 1971. Ɗalibinsa Ronald Konopka ya gano ƙudaje iri uku da agogon jikinsu ya rikice. Maimakon awa 24, na farko yana zagaye kwanansa cikin awa 19, na biyu cikin awa 28, na uku kuma ba shi da tsayayyen lokacin barci ko farkawa. Duka ukun a ƙwayar gado guda matsalar take. Wannan ne karo na farko da aka kama ƙwayar gadon da ke riƙe da agogon jikin dabba.

Ajin ƙudaje

Sai babbar tambaya: shin ƙuda yana iya koyo? Tun farkon ƙarni na 20 Ivan Pavlov na Rasha ya nuna cewa idan aka saba yi wa kare wani sauti kafin a ba shi abinci, daga baya sautin kaɗai yana sa shi dalalar da miyau. Amma kare yana da ƙwaƙwalwa babba. Ta ƙuda ba ta kai ƙwayar gero ba, kuma mutane da yawa sun ɗauka duk abin da yake yi da shi aka haife shi.

Matasa biyu a ɗakin Benzer, William Quinn da William Harris, su suka shirya gwajin. Suka zaɓi sinadarai biyu masu wari daban-daban waɗanda ƙuda ba ya fifita ɗaya a kan ɗaya. Sai a jawo garken ƙudaje da haske su shiga wani bututu mai warin farko, wanda aka shimfiɗa wa wayoyi masu lantarki, wuta ta ja su. Bayan hutu a shigar da su bututu mai wari na biyu, inda babu wuta. A maimaita haka sau da dama. Daga nan sai jarrabawa: a kawo sababbin bututu masu warin nan biyu, babu wuta a ko ɗaya. Ƙudajen suka fi ƙaurace wa warin da ya zo musu da azaba.

Domin kada a ce dama can warin ne ba sa so, sai aka ɗauki wani garke aka juya darasin, warin da ya kasance na lafiya ya zama na wuta. Wannan garken ma ya guje wa wanda ya ja shi. An buga sakamakon a 1974, tare da nuna cewa darasin yana iya kwana a kansu har awa 24, kuma ana iya goge shi idan aka ci gaba da kawo warin ba tare da wuta ba.

Da aka samu jarrabawa, sai neman wanda zai faɗi. Yadin Dudai da Yuh-Nung Jan da Duncan Byers suka haɗu da Quinn da Benzer, suka gwada ɗaruruwan zuriyoyi ɗaya bayan ɗaya. A 1976 suka sanar da samun wata zuriya da suka raɗa wa suna dunce, wato daƙiƙi. Wannan ƙuda yana jin wari, yana jin zafin wuta, yana tafiya da tashi kamar kowa, amma ba ya haɗa warin da wutar. Bincike na baya ya nuna an ɗan zalunce shi da sunan, domin yana ɗaukar darasin, sai dai yana zubewa cikin ɗan lokaci kaɗan. Quinn ya koma Jami'ar Princeton ya ci gaba da farauta, aka samu wasu zuriyoyin, cikinsu har da rutabaga da amnesiac.

Abin da ke faruwa a cikin kai

A 1981 aka gano aikin ƙwayar gadon dunce. Akwai wani ɗan sinadari mai kai saƙo a cikin ƙwayoyin jijiya, ana kiransa cAMP. Dunce ce ke samar da abin da ke share shi bayan ya gama aiki, rutabaga kuma ita ke samar da abin da ke ƙera shi. Idan ya yi yawa ko ya yi kaɗan, koyo ya lalace. Abin da ya girgiza masana shi ne, a daidai wannan lokaci Eric Kandel yana nazarin wata dodon-koɗin teku ta wata hanya dabam, shi ma ya iso kan wannan sinadari. Dabbobi biyu da ba su yi kama ba, hanyoyin bincike biyu, amsa ɗaya. Kandel ya samu kyautar Nobel a 2000.

Almajiran Benzer da almajiransu, tare da masana a Jamus irin su Martin Heisenberg, sun ci gaba da haƙa har aka san hanyar da wari ke bi. Ƙuda yana shaƙar wari ne da 'yan ƙahonnin da ke goshinsa. Saƙon yana fara sauka a wata matattara mai ɗakuna kusan 50, daga nan ya wuce wani sashe na ƙwaƙwalwa mai siffar laimar kwaɗi, wanda ke da ƙwayoyin jijiya kimanin 2,000 a kowane ɓangaren kai. Kowane wari yana tayar da 'yan kaɗan ne daga cikinsu, kuma tawagar da warin mangwaro ke tayarwa dabam take da ta warin tumatir. Ta haka kowane wari yake da nasa hatimi.

A gefe guda kuma akwai wasu jijiyoyi masu fitar da sinadarin dofamin, su ne masu kawo labarin sakamako. Wasu suna motsawa idan an sha wuya, wasu idan an samu zaƙi. Idan hatimin wani wari yana kunne a daidai lokacin da labarin wuya ya iso, sai mahaɗar da ke tsakanin wannan tawaga da jijiyoyin da ke tura ƙuda gaba ta yi rauni. Gobe idan warin ya dawo, ɓangaren da ke cewa a ja da baya ya rinjaya. Idan zaƙi ne ya zo, ɓangaren ja da baya ne ke raunana. Ɗan kasuwar da ya taɓa ba wani bashi aka cinye ya san irin wannan: ba ya daina ciniki da kowa, sunan mutum ɗaya ne yake ja wa layi a littafinsa.

Jerin abubuwan ma yana da muhimmanci. Sai wari ya riga wuta sannan ƙuda ke ɗaukarsa gargaɗi. A 2004 aka nuna cewa idan warin ya zo ne bayan wutar ta ɗauke, ƙuda yana kusantarsa, domin ya zama masa alamar sauƙi. Haka kuma Tim Tully da abokansa sun nuna a 1994 cewa darasi goma da aka jera babu hutu yana gushewa cikin 'yan kwanaki, amma darasi goma da aka raba da hutu a tsakani yana kai mako guda, saboda hutun ne ke ba ƙwaƙwalwa damar gina sababbin sinadaran da ke ɗaure shi. Malaman allo da ke sa almajiri ya dawo kan tilawarsa yau da gobe da jibi, da ma'aikacin da ya taɓa haɗiye littafi a daren jarrabawar ƙarin girma ya wayi gari bayan mako babu komai a kansa, duk ba za su yi mamakin wannan ba.

Shekarunsa na ƙarshe

Benzer mutum ne mai aikin dare, yakan kwana a ɗakin gwaji ya yi barci da hantsi, kuma ya yi suna wajen son ɗanɗana kowane irin baƙon abinci. Matarsa ta farko ta rasu a 1978 bayan fama da ciwon daji. Daga baya ya auri Carol Miller, likita mai nazarin cututtukan ƙwaƙwalwar ɗan Adam, kuma zama da ita ya karkata shi ga cututtukan tsufa. Ɗakinsa ya gano ƙudajen da ƙwaƙwalwarsu ke rubewa tun suna da ƙuruciya, sannan a 1998 ya gano wata zuriya da ke rayuwa fiye da sauran da kimanin kashi 35 cikin 100, aka kira ta methuselah.

Ya samu lambar Lasker a 1971, da lambar Wolf a 1991, da lambar Crafoord a 1993, amma Nobel ba ta zo ba, ko da yake masana da yawa suna ganin ya cancanta. Ya rasu ranar 30 ga Nuwamba, 2007, a Pasadena, sakamakon shanyewar jiki, yana da shekara 86, kuma bai daina zuwa aiki ba har ƙarshe. Bayan shekara 10, a 2017, aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel kan yadda agogon jiki ke aiki, bisa ƙwayar gadon nan da aka gano a ɗakinsa. Hall ya taɓa zama almajirinsa. Konopka kuwa, wanda ya fara ganinta, ya rasu a 2015, bayan ya daɗe da barin bincike.

Abin da ya bari

Kimanin kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da aka san suna da hannu a cututtukan ɗan Adam suna da takwarori a jikin wannan ƙuda. Shi ya sa masu neman fahimtar gigin tsufa, irin wanda ke sa dattijo ya kasa gane 'ya'yansa, da cutar karkarwa, da larurorin da ke hana wasu yara riƙe karatu, suke fara gwajinsu da shi. A Oktoban 2024 aka wallafa cikakkiyar taswirar ƙwaƙwalwarsa, mai ƙwayoyin jijiya kusan 140,000 da mahaɗai sama da miliyan 50.

Darasin ya wuce kan ƙuda. A 2018 masana a Jami'ar Washington suka nuna cewa sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi yana koyon ƙaurace wa warin mutum idan ya zo tare da girgiza irin ta kai masa duka, kuma dofamin ne ke riƙe masa darasin. Masu yaƙi da ƙwarin gona ma da wari suke ɗana tarko. Babban ƙudan da ke huda mangwaro ya zuba ƙwai, wanda aka fara gani a Kenya a 2003 kafin ya mamaye Afirka ta Yamma, dangi ne na nesa ga ƙudan Benzer, kuma ƙamshi ne ke jawo mazansa cikin tarko.

Ga ƙasa irin tamu, inda kuɗin bincike ya yi ƙaranci, akwai wani abin lura. Gwajin 1974 bai buƙaci fiye da bututu da waya da fitila da haƙuri ba. A yau masu bincike a Jami'ar Ibadan da Jami'ar Jos suna kiwon wannan ƙuda a ɗakunan gwajinsu, haka ma a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda ake amfani da shi wajen nazarin yadda abincin iyaye ke shafar lafiyar 'ya'ya. Ɗalibin da ya taso a Lahodu ko Wurno ya shiga irin wannan ɗaki zai tarar da tsohon maƙwabcinsa na kan kwandon tumatir a cikin kwalba, da lamba a jikinta, ana jiran a ga wace tambaya zai yi masa.